Wa Ke Ɗaukar Kirana?

Litinin, 4 ga Agusta, bayan La'asar

Sun cire wayar tebur. Ina ɗaki ina sallah suka cire ta. Da na fito zaure sai gurbinta na gani a kan tebur, wurin ya fi sauran katakon haske. Na tambayi Nabila ina take, ta ce tana cikin durowa, ba a yar ba. 'Yar da na haifa ce take gaya min ba a yar ba, kamar wata alfarma aka yi min.

Mijina marigayi Malam Sale ne ya sayo min wayar nan a Kano, shekarar da na fara dafa abincin taro. Baƙa ce mai eriya, sim ake sa mata, sai caji. Duk mai son waina ko sinasir ko dambun biki, daga nan Dutse har Kiyawa da Buji, lambarta ya sani, kuma ni nake ɗauka. Daga sallamar mutum nake gane ko zai cika magana.

Yanzu wai lambar ta hau intanet. Wani Fahad, da suka yi karatu tare da Nabila a Kafin Hausa, shi ya zare sim ɗin ya sa a cikin wani farin akwati mai fitilu, ya kafe shi a bango. In an kira, sai kiran ya shiga wayata ta hannu, da ta Nabila, da ta Yahuza ƙanin mijina mai kai mana kaya, har da ta Zara da ke gindin murhu. Wanda ya riga ɗauka shi ne mai magana. Kuma akwatin yana naɗar duk abin da aka faɗa.

Na ce, "Mene ne amfanin wannan?"

Nabila ta ce, "Umma, don kada kira ya wuce mu."

Na ce, "Yaushe kira ya taɓa wuce ni?"

Zara ta koma tankaɗe.

Talata, 5 ga Agusta, da hantsi

Wayata ba ta buga ba ko sau ɗaya. Ta Nabila kuwa tun safe tana kunnenta.

Laraba, 6 ga Agusta, bayan Azahar

Na san dalilin da suke fakewa da shi. Kiyawa. Ba zan rubuta abin da ya faru a Kiyawa ba, ya wuce.

Abu ɗaya kawai zan ajiye a nan saboda gobe. Hajiya Dada ta Kiyawa ce ta kira ni da bakinta a kan abincin sunan jikanta, kuma Lahadi ta ce. Lahadi na ji. In daga baya ta ce Laraba ta ce, to, tsakaninta da Allah. Ranar ana iska, layin yana ƙarƙar. Ni ba zan bar baƙin mutum zaune da yunwa da gangan ba, kowa ya san wannan. Shekara nawa ina yi mata abinci?

Tun ranar ba ta sake kirana ba. Ko kuwa ta kira wani ya ɗauka. Yanzu ta yaya zan sani?

Juma'a, 8 ga Agusta, da yamma

Fahad ya dawo wai zai koya min. Yana da ladabi, har ƙasa yake tsugunawa ya gaishe ni, amma ladabin ya yi min yawa. Magana yake da ni yana ɗaga murya yana buɗe baki, kamar yana yi da yarinyar goye. Na ce masa ba a jeji muke ba.

Ya nuna min yadda in mutum ya kira ba a ɗauka ba, sunansa zai fito a rubuce. Ya nuna min yadda Yahuza, ko yana hanyar Shuwarin, zai iya miƙa min kira ba tare da an kashe ba. Ya ce manyan kamfanoni haka suke yi. Na ce ni ba kamfani ba ce, ni Lauratu ce mai waina.

Na tambaye shi, "Maganar da akwatin ke naɗa, ina take zuwa?"

Ya ce tana can a ajiye a intanet.

"A hannun wa?"

Ya ce sai mai lambar sirri ne zai iya ji.

"Wa ke da lambar sirrin?"

Ya kalli Nabila. Nabila ta kalli ƙasa.

Asabar, 9 ga Agusta, da safe

Sun sa wa layin gaisuwa. Duk wanda ya kira, muryar Nabila ce ke fara tarbarsa: in odar abinci ce ka danna ɗaya, in mai kai kaya kake nema ka danna biyu. Wata tsohuwa daga Buji ta aiko jikarta har gida ta tambaya ko na rasu ne aka sa rediyo a wayata. Na sa Nabila ta cire abin nan take. Ta cire ba musu, kuma saurin yardar tata ma bai kwanta min ba. Wanda ya bar maka ƙaramin abu da sauri haka, akwai babban da yake riƙewa.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan Magariba

An rage lasifikar masallacinmu. Kwanakin nan sai na ga maza suna fita sannan na san an kira sallah. Na yi wa Yahuza maganar, ya ce zai gaya wa ladan. Yana faɗa yana kallon Zara.

Kallon nan ya yi yawa a gidan nan. In na shiga madafi sai bakuna su tsaya. In na juya baya sai na hango su a jikin murfin tukunya suna motsi. Ƙasa-ƙasa kowa ke magana yanzu. Da ba haka gidana yake ba.

Laraba, 13 ga Agusta, da rana

Na hau adaidaita ni kaɗai na je kasuwa wurin Zailani mai gyaran waya. Ban gaya wa kowa ba. Na ce ya duba min ko an taɓa wayata, don ba ta bugawa in an kira layin sana'a. Ya juya ta, ya latsa, ya kira da tasa. Wayar ta yi haske a hannunsa. Ya ce, "Hajiya, ai ga shi tana bugawa."

Kasuwa ce, ga janareto, ga masu babur. Wa zai ji wani abu a wannan hayaniya?

Ya ce ya ƙure min ƙarar, ya kuma sa ta riƙa girgiza. Ya ƙi karɓar ko sisi. Da zan tafi na tambaye shi ko ya san wani Fahad mai haɗa intanet. Ya ce duk masu harkar waya a garin nan sun san juna.

To. Shi ke nan. Sun san juna.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan La'asar

Daga kan hanya na hango motar Yahuza a ƙofar gidan Nuriyya. Nuriyya da ta koyi zuba waina a tandata, yau ita ma take karɓar abincin taro a unguwar Takur, har da allo a ƙofar gida. Me motar da nake zuba wa mai take yi a ƙofarta?

Ban tambaye shi ba. Da ya dawo na zuba masa tuwo, na zauna ina kallonsa yana ci. Ya ci da yawa.

Ga yadda nake ganin abin. Kira ya shigo, Yahuza yana kan hanya ya ɗauka. Ya ce wa mutum Hajiya aiki ya yi mata yawa, amma akwai wata. Wa zai sani? Ni dai ba zan sani ba. Da, waya tana kan tebur, igiyar cajinta a bango, duk wanda zai taɓa ta sai ya wuce ta gabana. Yanzu sana'ata tana yawo a aljihun mutum huɗu.

Asabar, 16 ga Agusta

Bikin da muka yi wa abinci a unguwar Fagoji ya tafi lafiya. Ba ni na karɓi odar ba. Sai da safe aka gaya min abin da zan dafa, a gidana.

Lahadi, 17 ga Agusta, da yamma

Zara. Tun Nabila tana rarrafe take tare da ni. Ni na yi mata kayan ɗaki, ni na zauna da ita a asibiti da ta yi ɓari. Yau na kira ta ɗaki na rufe ƙofa.

Na ce, "Zara, ki dubi Allah ki gaya min. Me ake ƙullawa?"

Ta ce, "Wallahi Hajiya ba a ƙulla komai."

"To me kuke faɗa in na juya baya?"

Idonta ya kawo ruwa. Ta faɗi wani abu tana kallon tabarma. Na ce ta ɗago ta faɗa da kyau. Ta ɗago ta ce, "Na ce miya za ta kama." Ta fita.

Ba abin da ta faɗa da farko ke nan ba. Na farkon ya fi tsawo.

Talata, 19 ga Agusta, da hantsi

Wayar ta yi girgiza a cinyata, na riga kowa ɗauka. Namiji ne. Muryarsa tana zuwa tana yankewa, kamar yana magana daga cikin rijiya. Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na ce ya ƙara. Sai Nabila ta fito daga ɗaki da tata wayar a kunne, ta ce, "Umma, bari na ƙarasa, sabis ne." Ashe tana kan layin tun farko. Ashe abin har da haka: ina magana, wani yana saurare.

Na ce, "To kin gani? Intanet ɗin naku ne ke yanka murya. Wayar tebur ba ta taɓa yi min haka ba."

Ta ce, "Haka ne, Umma."

Na fi son ta yi gardama.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan Azahar

Na tare Yahuza a zaure. Ban yi niyya ba, maganar ce ta fito.

"Me ke kai ka gidan Nuriyya?"

Ya ajiye makullin mota. Sannan ya matso kusa da ni, ta ɓangaren dama, ya ce, "Yaya, ranar Kiyawa, da Hajiya Dada ta kira ni tana kuka baƙi sun cika gida, wa kike zaton ya dafa shinkafar da na kai? Nuriyya ce. Ta sauke nata aikin ta ɗora namu. Ta ce kada a gaya miki."

Na ce, "Wannan watan jiya ne. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce fa?"

Ya ce kulolin abincinta ya mayar.

Kuloli. Wata guda ana mayar da kuloli.

Ban san an kai abinci Kiyawa ranar ba. Ba wanda ya gaya min. Na ɗauka haka aka watse.

Juma'a, 22 ga Agusta

Ban fita madafi ba. Na ce kaina ke ciwo.

Litinin, 25 ga Agusta, da safe

Watan Maulidi ya kama. A shekara babu lokacin da ya fi wannan aiki: makarantun Islamiyya, zawiyoyi, gidajen da ke raba abinci. In layin nan yana zuba a wani wuri, a watan nan zan gani. Na ce wa Nabila ina son lambar sirrin. Ta ce za ta tambayi Fahad yadda ake ƙara mutum. Sana'ata, sai an tambayi Fahad.

Na lura yana yawan zuwa duba akwatin da ba abin da ya same shi. Na lura da mayafin da take sawa in zai zo. Wannan wata magana ce daban, ko kuma duk ɗaya ce. Ban sani ba.

Laraba, 27 ga Agusta, bayan La'asar

Tun asuba ake ruwa. Kwata ta cika, ruwa yana gangarowa daga kan duwatsu ja wur. Wajen hantsi fitilun akwatin suka koma ja. Babu intanet a unguwar gaba ɗaya. Nabila ta fita ƙofar gida da lema tana ɗaga waya sama. Yahuza ya ce tasa ma shiru. Fahad ya ce daga kamfani ne, sai dai a jira, ko yau ko gobe. A watan Maulidi!

Na tashi na buɗe durowa na ɗauko wayar tebur. Na goge ta da gefen zanina. Na ce wa Nabila, "Ciro min sim ɗina daga bangon nan." Ta ciro. Na sa da hannuna, na ɗaga eriya, na kunna. Cajinta na nan, sabis ya cika. Na mayar da ita gurbinta a kan tebur.

Na ce, "Ga waya. Ruwa bai hana ta ba, iska ba ta hana ta ba."

Allah ya sani na ji daɗi. Na ja kujera na zauna kusa da ita kamar da, na sa aka kawo min tiren shinkafa ina tsinta. Ruwa ya hana kowa fita. Zara tana bakin ƙofa tana yankan albasa, Yahuza yana kan benci, Nabila tana tsaye jikin bango.

Ina cikin tsinta sai na ga wuƙar Zara ta tsaya. Na ɗaga kai. Yahuza ya miƙe zaune. Nabila ta sa hannu a baki. Su ukun wuri ɗaya suke kallo, kuma ba ni suke kallo ba. Gefen gwiwar hannuna suke kallo.

Na juya. Fuskar wayar tana haske, tana ɗaukewa, tana haske.

Tsakanina da ita bai kai kamu ɗaya ba. Wayar da in ta buga, da, har maƙwabta suke cewa Hajiya ana kira.

Ba wanda ya motsa. Jira suke in ɗauka. Ban san tun yaushe suke jira ba. Na zauna ina kallonta har hasken ya mutu.

Na ce, "Ruwan nan a kan kwano, ba ya barin mutum ya ji komai."

Nabila ta zo ta durƙusa a gabana, ta kama hannuna, ta bari sai da na kalli bakinta. Ta ce, "Umma, ruwan ya tsaya tun ɗazu."

Na leƙa tsakar gida. Ya tsaya.

Alhamis, 28 ga Agusta

Intanet ya dawo. Ban hana su mayar da sim ɗin ba.

Asabar, 30 ga Agusta, da hantsi

Tun yaushe suka sani? Abin da ke cina ke nan. Nabila ta ce tun kafin azumi ake ce musu an kira ba a ɗauka ba, ina zaune a zauren. Ta ce sau biyu ta fara yi min maganar na ce ta raina ni. Ban tuna ba. Ta ce ita da Baffa Yahuza suka ga in an raba kiran, sana'ar ba za ta mutu ba, ni kuma ba sai an ce min komai ba.

Na ce, "Wato ku ka zauna kuka yanke, ni ina ɗaki."

Ta ce, "Mun ji tsoro ne, Umma."

Duk garin nan wa ya sani? Zailani ya sani, shi ya sa ya ƙi karɓar kuɗina. Nuriyya ta sani. Hajiya Dada ta sani. Ina tafe a titi ana tausaya min ban sani ba.

Laraba ta ce. Mai yiwuwa Laraba Hajiya Dada ta ce, ba Lahadi ba.

Talata, 2 ga Satumba, bayan Magariba

Kano. Ni da Nabila. Likita mace ce, ta sa min wani abu a kai ta ce in ɗaga hannu duk lokacin da na ji ƙara. Na daɗe hannuna yana kan cinya. Ta ce na hagun ya yi nisa, na daman da saura. Ta ce shekaru ne, da kuma injin markaɗen da na yi rayuwata kusa da shi. Ta faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi ba.

An auna ni za a haɗa min na'urar ji. A mota na ce wa Nabila kada ta gaya wa kowa ranar da za a karɓo. Ta ce me ya sa. Na ce haka nake so.

Asabar, 6 ga Satumba

Aikin Maulidi ya fi na bara. Ba oda ɗaya da ta faɗi. Akwatin ya yi aikinsa, ba zan ƙi faɗa ba. Na sa Fahad ya rubuta min lambar sirrin da hannunsa, na kuma ce wayar tebur kullum a bar ta da caji saboda ranar ruwa. Ya ce wannan shawara ce mai kyau. Na ce ba shawara ba ce.

Motar Yahuza tana ƙofar Nuriyya jiya ma. Ban san wace kula ta rage ba.

Alhamis, 11 ga Satumba, bayan Azahar

Jiya muka karɓo na'urar. Ƙaramin abu ne kamar ƙwallon dabino. Na sa ta, na ɗaura ɗankwali ya rufe kunnuwan, ba mai gani. Nabila kaɗai ta sani, kuma na aike ta kasuwa tun safe.

Na shiga madafi na zauna a kujerata na juya musu baya, ina gyaran zogale. Ina so in ji da kunnena abin da ake faɗa a gidan nan in an ɗauka ba na ji.

Duniya ta cika da ƙara. Itace yana ƙas-ƙas a murhu. Ashe ƙofar madafi kuka take in an tura. Ashe Zara waƙa take yi in tana tuƙi, ƙasa-ƙasa, ta hanci. Ban san tun yaushe ba.

Yahuza ya shigo, wayarsa ta buga, ya ɗauka a bayana. Na kasa kunne. Na ji ya ce, "E, gidan Hajiya Lauratu ne. Asabar ta sama? Tsaya, ba zan amsa miki ba sai na tambaye ta, ita ke yankewa." Ya saurara. Ya ce, "A'a, lafiyarta ƙalau."

Ya kashe. Ya ce wa Zara, "Ke za ki gaya mata ko ni?"

Zara ta ce, "Kai dai. Ni jiya na ce gishirin miya ya isa, ta ƙara. Tsohuwar nan taurin kanta ya fi dutsen Garu. Wallahi in ta sake rufe ni a ɗaki tana min wannan kallon, zuciyata fashewa za ta yi."

Yahuza ya yi dariya. Na jira ko za a ambaci Nuriyya. Ba a ambace ta ba. Na ƙara jira. Sai muciya kawai.

Ban juya ba. Na ce, "Na ji ki, Zara."

Muciyar ta faɗi cikin tukunya.

Na ce, "Kuma gishirin bai isa ba. Yahuza, kira matar nan ka miƙo min ita."